Fari, ruwan madara, ruwan yashi ko ruwan toka: wanne zai zauna lafiya a bangon ɗaki a Garwa?

Kwanakin baya Yayata ta kira ni bayan la'asar. An gama shafen gidan da ta gina a unguwar Jambutu a nan Garwa, an kafa ƙofofi da tagogi, saura fenti, mai shago kuma ya ba ta kati mai launuka shida ya ce ta je ta yi shawara. "Ƙanena, ni fa duk ɗaya nake ganin su," in ji ta. "Wannan fari, wannan ma fari, wancan kamar an ɗiga masa shayi. Zo ka raba ni da su." Na tarar da ita zaune kan tabarma a tsakar gida, tana karkata katin hagu da dama kamar mai duba zani a kasuwa. Na ce, "Yaya, a nan waje ba abin da za ki gani. Tashi mu shiga ciki." Muka jingina katin da bangon falo, muka ja da baya zuwa bakin ƙofa. Nan take launukan suka rabu. Ɗaya ya koma rawaya-rawaya, ɗaya ya yi sanyi kamar zai zama shuɗi, ɗaya kuma ya yi duhu fiye da yadda ta zata.

Na yi shekaru ina riƙe wa kawuna bokiti lokacin da yake aikin fenti a garin nan. Abin da na fi riƙewa daga wurinsa shi ne, waɗannan launuka masu kama da juna su suka fi sa mai gida nadama. Wanda ya zaɓi kore ya san kore ya zaɓa. Wanda ya ce a yi masa "fari mai ɗan duhu" kuwa bai san abin da ya saya ba sai fenti ya bushe, an kunna fitila, hunturu ya shigo da ƙurarsa. A ganina, a ƙasarmu ƙura da ƙwan lantarki su ke yanke hukunci, kati shaida ne kawai.

Kafin mu shiga, kalma ɗaya game da sunaye. A jikin bokiti za ka ga an rubuta blanc, blanc cassé, crème, ivoire, beige, gris. Amma crème na wannan kamfani ba shi ne crème na wancan ba, balle wanda aka shigo da shi ta Yola ko Mubi. Shi ya sa zan riƙa haɗawa da lambar RAL, wani tsarin lambobin launi da aka kafa a Jamus tun 1927. Duk shagon da ke da injin haɗa kala ya san waɗannan lambobi, kuma lamba ba ta canzawa daga baki zuwa baki.

Abubuwan da za a auna

Na farko, launin da ke kwance a ƙarƙashi. Duk waɗannan launuka farin fenti ne da aka ɗiga wa wani abu: rawaya, ja, baƙi, wani lokaci kore ko shuɗi. A kan kati mai faɗin yatsa biyu ba ya nuna kansa, amma da zarar ya mamaye bango huɗu sai ya fito fili. In kana son kama shi tun a shago, ɗora katin a kan farar takarda. Wanda ke da ja a ciki zai yi ruwan hoda, wanda ke da shuɗi zai yi sanyi.

Na biyu, haske. Masu yin fenti suna auna yawan hasken da launi ke mayarwa daga 0, wato baƙi ƙirin, zuwa 100, wato fari fat. Wannan lamba tana da muhimmanci a wurinmu fiye da yadda ake zato. Rana ta ishe mu a waje, amma ɗakunanmu duhu gare su: taga ƙarama, baranda ta tare gabanta, labule mai kauri a sake tun safe saboda zafi da ƙura. Ga kuma fitila. Yawancin ƙwayayen da ake sayarwa a kasuwa, da fitilun sola da muke komawa gare su in an ɗauke wuta, masu farin haske ne, za ka ga 6500K a jikin kwalin. Wannan haske yana jan launi zuwa shuɗi. Mai 2700K ko 3000K yana jan sa zuwa rawaya. Bango ɗaya, ƙwai biyu, launi biyu.

A nan bari in gyara wata magana da nake yawan ji, cewa wai farin fenti yana sanyaya ɗaki. Zafin Maris da Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40 a Garwa, ta kwanon rufi yake saukowa, da bangon yamma da rana ta daka tun azahar. Farin fenti a kan rufi ko a bayan bango yana rage shi. Na ciki kuwa ido yake sanyayawa. Kada wannan ya sa ka zaɓi launin da ba ka so.

Na uku, ƙura da datti, kuma ƙurarmu iri biyu ce. Akwai ta hunturu, wadda iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, tsohon gindin tafki da ya ƙafe. Ita fara-fara ce, mai laushi kamar garin hoda, kuma ta fi nunawa a launi mai duhu. Akwai kuma ta hanya, wadda babura da manyan motocin auduga ke tayarwa, ruwan ƙasa a nan, ja wur a Ngawundere, ita kuma ta fi nunawa a fari da toka. Bayan ƙura akwai dattin zaman gida: tabon man kai inda maigida ke jingina bayan sallar isha, sawun hannun yara daga tsayin gwiwa zuwa ƙugu, hayaƙin turaren wuta da na maganin sauro, kashin tsaka, gidan zanzaro a kusurwa.

Na huɗu, kuɗi. Launin kansa ba ya ƙara farashi sosai in mai haske ne. Abin da ke cin kuɗi shi ne yawan shafi da ingancin fentin. Ɗauki ɗaki mai mita 4 tsawo, 4 faɗi, 3 tsayi. Bangonsa mita 48 murabba'i ne, in an cire ƙofa da taga ya rage kusan 44. Shafi biyu, 88 ke nan. Fentin ruwa mai kyau yakan rufe mita 8 zuwa 10 da lita ɗaya a bango mai santsi, wato kana buƙatar lita 9 zuwa 11. In launin ya nemi shafi na uku, ƙara rabin haka, da ladan mai aiki. Ka kuma lura, wasu bokitai da kilo ake rubuta su, wasu da lita. Lita ɗaya ta fentin ruwa takan kai kilo ɗaya da rabi, don haka bokitin kilo 30 kusan lita 20 ne. Nauyi ba shi ne kyau ba. Fenti mai araha alli ya yi masa yawa, sinadarin titaniyom da ke ba shi ƙarfin rufewa da danƙon da ke riƙe shi a bango sun yi kaɗan. Shi ne wanda in baƙo ya jingina sai ya tashi da fari a bayan riga. Araha ba ta ado.

Na biyar, sauƙin aiki da sauƙin faci bayan shekara ɗaya ko biyu. Na shida, haɗarin da ke tattare da kowanne, wato abin da zai iya fitowa saɓanin abin da ka zata.

Fari tas

Shi ne blanc, kusa da RAL 9016. Ya fi kowa haske, sama da 80 yake mayarwa. Yana ko'ina, daga fentin Pantex na kamfanin Seigneurie da ake yi a Duwala har zuwa bokitan da ba a san asalinsu ba, ba ya buƙatar a haɗa masa kala, kuma faci da shi ya fi sauƙi muddin kamfani ɗaya ne. A bokiti shi ne mafi araha. Sai dai abin da mutane ba su sani ba, fari tas bai kai sauran ƙarfin rufewa ba. In bangon da yana da tsohon launi, ko sabon siminti ne mai duhu, sau da yawa sai an yi shafi uku, sai arahar ta tafi.

Wajen datti ba ya rufa wa kowa asiri. Cikin damina ɗaya za ka ga inda kowa ke dafawa in zai cire takalmi. Ƙarƙashin ƙwai mai farin haske kuma yakan yi ƙyalli mai sanyi, ɗakin ya zama kamar na asibiti. Ni a silin nake son sa, a nan ba shi da abokin gasa.

Farar ƙasa ta ƙonannen dutse, irin wadda ake samu daga wajen garin Figil, ita ma fara ce kuma ta fi komai araha. Ta dace da sito da katanga. Amma ka sani, fenti ba ya kama bangon da aka shafa mata sai an kankare ta tas.

Farin da aka karya

Blanc cassé, tsakanin RAL 9010 da 9001. Fari ne da aka ɗan kashe wa kaifi da ɗigon rawaya ko ruwan ƙasa. Haskensa daga kusan 75 zuwa sama da 80. Wanda ya shigo zai ce ɗakin fari ne, sai ya ɗaga kai ya ga silin sannan ya gane akwai bambanci. Yana jure ƙwai mai farin haske fiye da fari tas, yana shiga da kowane labule da kowace kujera, ƙarfin rufewarsa kuma ya ɗan fi. Datti yana nunawa, amma ba da gaggawa ba.

Haɗarinsa ɗaya ne, kuma babba: sunan ba ya nufin abu ɗaya. In mai fenti ne zai karya shi da hannu, yana ɗiga kala daga ƙaramar kwalba, to bokiti na biyu ba zai zo daidai da na farko ba. Ya same ni a gidana. Fenti ya ƙare ana tsakiyar bangon falo, aka sayo wani bokiti, mai aikin ya ce, "Malam, kada ka damu, idona ya riƙe." Ido ba mudu ba ne. Da ya bushe sai ga layi daga sama har ƙasa, rabi ruwan nono, rabi ruwan man shanu. Sai da aka sake bangon gaba ɗaya, kuma daga aljihuna. Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ni ina ce masa a juye fentin gidan duka a babban duro ɗaya, a haɗa sau ɗaya, a motsa sosai, sannan a fara.

Ruwan madara

Crème da ivoire, kusa da RAL 1013 da 1015. Wannan shi ne launin da ya fi yawa a gidajen Garwa da Marwa, har wasu matasa na ganin ya tsufa. Ni ina ganin iyayenmu ba da ka suka zaɓe shi ba. Launinsa ya yi kusa da na ƙurar da ke sauka a kai, ta hunturu da ta hanya duka, don haka bango yakan yi watanni bai nuna ya yi datti ba. Hayaƙin turaren wuta yana mai da kowane bango rawaya-rawaya a hankali, a kan ruwan madara kuwa sai ya saje. Kalar da ake haɗa shi da ita yawanci daga jar ƙasa da rawayar ƙasa take, masu sinadarin ƙarfe, waɗanda ba sa koɗewa da rana kuma kaifin siminti ba ya cin su. Haskensa kusan 70, ya isa ɗaki mai taga ɗaya. Shafi biyu sukan wadatar, kuma da yake ana yawan nemansa, ana samun sa a haɗe tun daga kamfani, abin da ke sauƙaƙa faci.

Amma biyun ba ɗaya ba ne, kuma a nan Yayata ta fi rikicewa. RAL 1013 yana da ɗan toka a ƙarƙashi, ya yi kama da ɓawon ƙwan kaza na gida, natsattse ne. RAL 1015 rawayarsa ta fi fitowa, kamar kindirmo mai maiƙo. A ɗakin da tagarsa ke kallon gabas, ko wanda ake kunna masa ƙwai mai farin haske, 1015 yana da daɗin gani, yana kashe sanyin fitilar. A ɗakin da tagarsa ke kallon yamma kuwa, da la'asar rana takan shigo ja-ja, musamman cikin hazo, sai ya koma ruwan ƙwai sosai. In aka ƙara masa ƙwai mai 2700K da labule ruwan zinariya, ɗakin zai yi kamar an rina shi. A irin wannan ɗaki 1013 ya fi.

Wani abin lura: shawarar da ake karantawa a intanet game da "ɗaki mai kallon arewa" ta mutanen Turai ce, inda rana ba ta taɓa leƙowa ta arewa da tsakar rana. Mu a nan cikin hunturu rana takan karkata kudu, daga wajen Afrilu zuwa Agusta kuma ta ɗan koma arewa. Gabas da yamma su za ka duba.

Ruwan yashi

Beige. RAL 1001 shi ne ainihinsa, amma ya yi duhu ga bango huɗu, haskensa bai kai 50 ba. Wanda ya dace da ɗaki shi ne wanda aka sassauta, mai kama da yashin bakin Binuwai in ruwa ya janye. Wajen ɓoye sawun hannu da jar ƙura ya fi ruwan madara. Kuɗinsa ya ɗan ɗara don kalar da yake sha ta fi yawa, rufewarsa kuma mai kyau ce.

Matsalolinsa uku. In kalar ja ta ɗan yi yawa sai ya fita ruwan hoda, kuma ba za ka gane ba sai ya bushe. In tayil ruwan ƙasa ne, kujeru ruwan ƙasa, ƙofa ruwan ƙasa, ɗakin zai dushe ya zama kamar cikin rumbu. Na ukun ya shafi unguwannin da ke kwari kusa da kogi, inda danshi ke hawa bango da damina. In ya bushe yakan bar wani farin gishiri a gindin bango, wanda a kan fari ba ya damun ido, a kan ruwan yashi kuwa kamar an zana taswira.

Ruwan toka

Shi ne na yayi. Hotunan falo da ke yawo a waya su suka kawo shi, kuma ba na musun cewa a hoton yana da kyau. Amma ka duba hoton da kyau: taga daga sama har ƙasa, daɓen katako, fitila mai rawayan haske, kujera fara. Ɗauke waɗannan ka sa tayil ruwan madara, labule ruwan goro, ƙofar katako ja da ƙwai mai 6500K, sai ka ga wani abu dabam.

Gris clair, RAL 7035, shi ne launin akwatunan ƙarfe na wutar lantarki. Haskensa bai kai 60 ba. Da dare, ƙarƙashin farin ƙwai, yakan koma shuɗi-shuɗi. Cikin hazo, da rana ta dushe, sai ya yi kama da shafen siminti da ba a taɓa ba. Wani maƙwabcina ya yi wa ɗakin amaryarsa irin wannan, ya kashe kuɗi masu yawa, ya sayi fenti mai kyau. Ranar jere wata gwaggon amarya ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Ɗana, ashe ba a samu yin fenti ba? Ba komai, bayan biki a yi." Da zuciya ɗaya ta faɗa. Na ga yadda fuskarsa ta canza, kuma abin ya daɗe yana damuna, don da ya gwada a bango kwana biyu kafin ya saya da bai shiga wannan ba.

Yana da nasa alheri. Ƙarfin rufewarsa ya fi na kowa, shafi biyu sun isa ko a kan tsohon launi. Dattin hannu ba ya saurin nunawa. Amma jar ƙura tana yi masa dabbare-dabbare, hayaƙin turare kuma in ya hau kansa sai ya ba da wani kore-kore mara daɗi. Haɗa shi da hannu ya fi kowanne wuya, don ɗigo biyu na baƙar kala suna canza bokiti guda. Faci da shi kusan kullum yana nunawa.

Tsakanin toka da yashi

Masu shago na kiran sa grège. Toka ce da aka ɗumama da rawayar ƙasa. Mai haske shi ne RAL 9002, kusan 70 yake mayarwa, mai duhu kuma 7044, ƙasa da 50. Wanda zuciyarsa ta kafe a kan toka, nan nake tura shi. Ba ya komawa shuɗi da dare, yana shiga da tayil ruwan madara, yana ɓoye ƙura iri biyun. Sai dai kala uku ake haɗa masa, don haka aikin inji ne, ba na hannu ba, kuma ya fi sauran tsada. RAL 9002 yakan ɗan leƙa kore in akwai darbejiya a bakin taga.

| Launi | RAL mafi kusa | Haske | Ƙura da datti | Kuɗi | Faci | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Fari tas | 9016 | sama da 80 | yana nuna komai | araha, amma sau da yawa shafi 3 | mai sauƙi | ƙyalli mai sanyi da dare |
| Farin da aka karya | 9010, 9001 | 75 zuwa sama da 80 | yana nunawa a hankali | araha zuwa matsakaici | da wuya in da hannu aka haɗa | bokiti biyu su saɓa |
| Ruwan madara | 1013, 1015 | kusan 70 | yana ɓoyewa sosai | matsakaici, shafi 2 | mai sauƙi in na kamfani ne | ya koma ruwan ƙwai a ɗakin yamma |
| Ruwan yashi | 1001 da aka sassauta | 50 zuwa 60 | ya fi ɓoye jar ƙura | matsakaici | matsakaici | ruwan hoda, duhu, gishirin danshi |
| Ruwan toka | 7035 | ƙasa da 60 | jar ƙura da hayaƙi na ɓata shi | matsakaici, shafi 2 | da wuya | shuɗi da dare, kama da siminti |
| Grège | 9002, 7044 | kusan 70, ko ƙasa da 50 | yana ɓoye iri biyun | mafi tsada | sai da lamba da inji | ɗan kore, ko duhu |

Abin da ya fi launi ƙarfi wajen daɗewa

Daɗewar fenti ba a launi take ba. Sabon shafen siminti yana buƙatar kusan mako huɗu kafin a sa masa fenti, in ba haka ba zai kumbura ya ɓare, kowane launi ne. Ruwan da za a ƙara wa fenti an rubuta adadinsa a jikin bokiti, kuma mai aikin da ke son fenti ya kai ya wuce yakan zarce. Cikin bazara a fara da sassafe, don da rana fenti yana bushewa kafin rola ta dawo, sai sawunta ya zauna. Mara sheƙi yana ɓoye tudu da kwarin bango amma ba ya son wanki. Mai ɗan sheƙi, wanda aka rubuta wa satin, ana goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, amma yana tona asirin magini. Fentin mai kuwa, glycéro, in fari ne yakan yi rawaya a wurin da haske ba ya kaiwa, kamar bayan ƙofa da bayan kabad.

Akwai kuma maganar dalma, wadda ba ta wasa ba ce. Tun 2017 Kamaru ta hana fentin da dalmarsa ta wuce kashi 90 cikin miliyan. An fi samun ta a fentin mai, kuma tana taɓa ƙwaƙwalwar yara. In za a kankare tsohon fentin mai a gida, a jiƙa bangon tukuna, a fitar da yara da mai ciki, a share garin da ruwa. Gwangwanin da ba shi da sunan kamfani a bar shi a shago.

Gwajin da na sa Yayata ta yi bai ci kuɗi ba. Ta rage zaɓinta zuwa uku, aka sayo ƙaramin gwangwani na kowanne, aka shafa faɗin mita ɗaya sau biyu, a bangon da ke kallon taga da kuma wanda tagar ke jikinsa. Muka ajiye ɓallin tayil da ƙyallen labule a gindin kowanne. Ta duba da hantsi, ta duba da la'asar, ta duba da dare da ƙwan gidan, ta sake dubawa da fitilar sola. A jira ya bushe kafin a yanke magana, don fentin ruwa yakan ɗan ƙara duhu in ya bushe, farar ƙasa kuma takan ƙara haske.

Wa ya dace da wanne

Gida mai yara da yawan baƙi, da uwargida mai son turaren wuta: ruwan madara mai ɗan sheƙi, 1013 in tagar yamma ce, 1015 in ta gabas ce. Zaure da baranda, inda ƙurar hanya ke fara sauka da inda ake jingina, ruwan yashi mai haske, ko a yi wa gindin bango ɗamara da shi zuwa tsayin ƙugu, sama kuma ruwan madara, yadda kawuna ke yi.

Ɗaki mai duhu, mai taga ɗaya ƙarama, ko ɗakin da ɗalibi ke karatu da fitilar sola: farin da aka karya, silin fari tas. Haka ma mai gidan haya da ke sabunta fenti duk sanda ɗan haya ya tashi, amma ya sayi wanda kamfani ya haɗa, ya tsaya a kan kamfani ɗaya da suna ɗaya.

Ango da amarya masu son na zamani: RAL 9002 daga inji, da ƙwai mai 3000K. Toka zalla sai ga wanda falonsa ke da manyan tagogi, tayil fari ko toka, kuma ya yarda ya canza ƙwayayen gidan. Mutumin Ngawundere, inda ƙasa ja ce kuma damina ta fi tsawo, ya karkata zuwa ruwan yashi ko 1015, ya kuma nemi fenti mai maganin fumfuna. Na Marwa, Kusuri da Njamena, inda ƙurar ta fi fari kuma hasken ya fi kaifi, 1013 ko 9001 sun fi yi masa. Wanda bangonsa ke jan danshi ya gyara danshin tukuna, in kuma ba hali, ya zauna a kan fari ko farin da aka karya har Allah ya hore.

Yayata ta ɗauki 1013 a falo da ɗakunan yara, fari tas a silin, ruwan yashi a zaure. Na sa aka cika mata kwalba ɗaya ta lita daga kowanne, aka toshe bakin da leda, aka rubuta lamba da sunan kamfani a jiki, ta ajiye a ƙarƙashin gado inda rana ba ta kaiwa. Ɗakinta ne ya rage. Har yanzu akwai faci biyu a bangonsa, 9001 da 9002, ta ce ba za ta zaɓa ba sai telan ya kawo labule ta rataya ta gani.